Ɗanyen Kiɗa Ko Na Situdiyo: Shawara Ga Mata Biyu Masu Jita Da Ganga A Katsina

A ce ku biyu ne, ƙannena. Ɗaya ta iya jita, ɗayar hannunta ya faɗa da kiɗa, kuna da 'yan waƙoƙin da kuka tsara da kanku, kuɗin da kuka tara kuma ba zai kai ku ɗauka sau biyu ba. Hanya biyu ce a gabanku. Ko ku shiga situdiyo irin wanda kowa ya sani, mai kiɗa ya zauna gaban fiyano da kwamfuta ya haɗa muku komai, ku ɗora murya ku fito. Ko kuwa ku nemi ɗaki, a kafa makirufo biyu ko uku, ku buga tare a lokaci guda, abin da ya fita shi ke nan. Ni ina bayan ta biyun, amma ba ga kowa ba, kuma ba don ta fi sauƙi ba. Ta fi wuya nesa ba kusa ba.

Salon da ya sa ake wannan magana shi ne buluz da rok na gareji, wanda asalinsa samarin Amurka ne na shekarun 1960 da ke gwaji a garejin motar iyayensu da kayan kiɗa masu araha. Daga baya aka sami masu rage yawan makaɗan har ya koma mutum biyu rak, jita da ganguna. Waɗanda suka fi yin suna da wannan tsari su ne The White Stripes na birnin Detroit, da suka fara a 1997 suka watse a 2011, inda Meg White ke kan ganguna. Sai kuma aka sami mata zalla. A Vancouver ta Kanada, Becky Black da Maya Miller sun kafa The Pack A.D. a 2006. A Los Angeles, Lindsey Troy da Julie Edwards sun kafa Deap Vally a 2011, kuma a wajen koyon saƙa suka fara haɗuwa, abin da duk wata 'yar Katsina da ta taɓa zama ajin ɗinki ko saƙa za ta gane yadda hira ke kai mutane nesa a irin wannan wuri. Kundin waƙoƙinsu na farko ya fito a 2013, suka sanar da rabuwarsu a 2023.

Me ke cikin amon nasu da ake kiransa ɗanye? Abu na farko rashi ne. Babu jitar bes, wato mai kauri da ke riƙe ƙasan kiɗa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita ta yau da kullum tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa, ta bes kuwa kusan sau 41, rabin wancan ke nan. Idan aka cire bes sai a bar rami a ƙarƙashin waƙa, kuma duk dabarar mutum biyun tana wajen yadda za su yi da ramin nan. Mai jita ta kan tura amonta ta cikin wani ɗan akwati da ake takawa da ƙafa, wato feda, irin su Big Muff, wanda ke matse amon ya yanke kansa har ya koma gurnani mai kauri. Wata kuma ta ƙara feda mai sauke amo zuwa rabinsa don jitar ta yi kamar bes na ɗan lokaci. Mai ganga ita ma ba ta ƙawa, dukan babbar gangar ƙafa take yi da nauyi, ta bar fili tsakanin duka da duka. Abu na biyu shi ne ɗakin kansa ana jin sa: amon ganga yana shiga makirufon murya, na jita yana shiga na ganga, gudun kiɗan yana ɗan ƙaruwa idan zuciya ta ɗauka ya ɗan lafa idan an numfasa. The White Stripes sun ɗauki kundinsu na 2003 a situdiyon Toe Rag da ke Landan a kan tef mai layi 8, da tsofaffin na'urori, ba tare da kwamfuta ba, duk don kada wannan ya ɓace.

To, me situdiyon fiyano zai ba ku? Zai ba ku abubuwa da yawa, kada wani ya ruɗe ku. Na farko sauri: a yini guda ana iya haɗa kiɗa, a ɗauki murya, a tace, ku tafi da waƙa a waya. Na biyu rufin asiri, ta fuska biyu. Baitin da murya ta karye a kansa ana sake shi shi kaɗai sau nawa aka ga dama, inda ta kauce kuma manhajar gyaran murya irin Auto-Tune, wadda ta fito tun 1997, ta ja ta ta mayar kan layi. Sannan ƙofa a rufe take, maƙwabta ba su ji ba, babu mai zuwa ya gaya wa Baba cewa an mai da gidansa dandali. Na uku, kuma shi ne babba, kunnen kasuwa ya saba da shi. Tun ƙarshen shekarun 1990 da fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinan Hausa, wannan amo mai santsi shi ne abin da mai DJ a wajen kamu ko dina yake tsammani, shi ne kuma ke zama daidai a tsakanin sauran waƙoƙi idan gidan rediyo ya jera su.

Abin da za ku biya a madadin wannan shi ne ku kanku. Da zarar mai kiɗa ya danna gangar da ke cikin kwamfuta, mai gangarku ta zama 'yar rakiya. Jitar ma, in an yarda an saka ta, za ta koma ado ne a bayan fiyano, a yanko gaɓa ɗaya mai kyau a yi ta maimaita ta har ƙarshen waƙa. Kun shiga ku biyu makaɗa, kun fito mawaƙiya ɗaya da 'yar amshi. Kuma gangar da ya danna muku ita ce ya danna wa wanda ya zo kafin ku, ita zai danna wa na bayanku. Ba laifinsa ba ne, sana'arsa ke nan, kuma da yawansu gwanaye ne a kanta. Amma idan abin da ya ja ku tun farko gurnanin nan ne da ke sa tsigar jiki tashi, ba a nan ake samun sa ba.

Ɗanyen ɗauka kuwa ba ya yafiya. Babu wanda zai ɓuya a bayan wani. Idan mai ganga ta yi jinkiri da ƙiftawar ido kowa ya ji, idan tsirkiya ɗaya ta saki kowa ya ji, gyaran kuwa ɗaya ne, a koma farko. Saboda haka kuɗin da ba ku kashe a situdiyo ba za ku biya shi da watanni na gwaji, har sai kowacce ta san inda 'yar'uwarta za ta juya tun kafin ta juya. Mutane kan ɗauka kiɗa mai kaushi kiɗan ganganci ne. Ku saurari waɗancan matan da kyau, za ku ji kaushin a amo yake, hannayen a daidaite suke.

Inda na fi son ku tsaya ku yi tunani shi ne kan ita gangar. Mutum zai ga hotunan Deap Vally ya ɗauka sai da jerin gangunan Bature da faifan ƙarfe ake wannan kiɗa. A Katsina wannan jeri matsala ne tun daga sayensa. Sai an je shagunan kayan kiɗa na Sabon Garin Kano ko an aiko daga Legas, fatar da ta fashe ba a samun madadinta a kusa, ɗaukarsa zuwa wajen taro sai an cika Keke Napep guda, sannan ba shi da maɓallin rage ƙara. A unguwa irin ta cikin gari, wajen Gobarau ko Ƙofar Soro, inda katanga ke jingine da katanga, duka ɗaya ya isa a aiko yaro da saƙo. Wajen ɗauka ma shi ya fi komai wahala, don faifan ƙarfen nan yana cika ƙaramin ɗaki da tsiwa ya danne murya.

Ga kuma ƙwarya a gefe, wadda ba baƙuwa ba ce a hannun mata. Kiɗan amada da Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa ta yi suna da shi har rasuwarta a 2013 ƙore ne kawai da murya da amshi, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da shi ya san yadda yake dukan ƙirji. Babbar ƙwarya da aka kife a kan ruwa cikin baho tana ba da amo mai zurfi, wanda shi ne daidai abin da ramin bes ke nema. Wadda aka kife a kan tabarma ko bargo, a doke ta da gindin tafin hannu ta yi dum, a taɓa ta da zobe ko 'yan sanduna ta yi ƙas-ƙas. Wato aikin babbar ganga da ƙaramar ganga duk yana nan, a kuɗi kaɗan. A ƙara kacau-kacau a ƙafa, an sami na uku. Wannan ma ba sabon abu ba ne a buluz: Jessie Mae Hemphill, wata mawaƙiya daga arewacin jihar Misisipi da ta rasu a 2006, ta kan kaɗa jita tana taka tamborin, wato ɗan gammo mai kacau-kacau, da ƙafa.

Hujja mafi kusa da mu tana arewa da Maraɗi. A ƙauyen Illighadad da ke jihar Tawa a Nijar, Fatou Seidi Ghali ta koyi jita da ta yayanta, ita da 'yar'uwarta Alamnou Akrouni aka ɗauke su a fili, a waje, kamfanin Sahel Sounds ya fitar da faifan a 2016. Kiɗan da suka taso da shi tende ne, turmi da aka ɗaure wa fata, da ƙwarya a kan ruwa. Daga nan suka zaga Turai da Amurka da sunan Les Filles de Illighadad. Nasu ba kiɗan gareji ba ne, ya fi sanyi, ya fi lallashi. Amma ya nuna cewa jita da kayan da ke tsakar gida sun isa a saurare ku a ko'ina.

Ba zan ɓoye aibin ƙwarya ba. A babban fili, gaban lasifikoki, jita mai gurnani za ta haɗiye ta sai an sa mata makirufo a kusa sosai, kuma ba ta da tsawar nan ta faifan ƙarfe da ke buɗe amshi a kiɗan rok. Wadda burinta ta hau dandamali a jami'a ta girgiza ɗakin taro, gangunan Bature ne nata. Wadda burinta ta ɗauki waƙa a gida ta tura duniya, ƙwarya ta fi mata. Akwai kuma kalangu, wanda yake magana yana hawa yana sauka, amma koyonsa aiki ne na shekaru, kuma amonsa a sama yake, ba ya cike ramin da muke magana.

Batun jita gajere ne. Ba kwa buƙatar mai tsada. Ku nemi wadda wuyanta bai karkace ba, wadda maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta mai naɗi biyu ne, domin mai naɗi ɗaya yana jawo ƙugin wuta, musamman idan da inji ake aiki, fedar kaushi kuma ninka ƙugin take yi. Ƙaramar amfilifaya da aka murɗe ta kusa da ƙarshe ta fi babbar da aka rage daɗin amo, ta kuma fi zaman lafiya da maƙwabta. In ta gwanjo ce daga Amurka, a duba bayanta kafin a jona: can wutarsu 120 ce, tamu 230, ba tare da na'urar rage wuta ba ƙonewa za ta yi nan take. Mai amfani da batir, ko batirin sola da inbata mai kyau, ta fi duka, don babu ƙarar inji a bayan waƙa. Da hunturu ya kama, itacen jita yana bushewa ya tsuke, ƙarafan wuyanta su fara yankar yatsa, sai a riƙa ajiye ta cikin jakarta, nesa da taga.

Dabara ɗaya ta cancanci a koya tun da wuri, ita ce sake ɗaurin tsirkiyoyi yadda ko ba a danna komai ba za su yi amo ɗaya mai jituwa, sannan a sa wuyan kwalba ko guntun bututun ƙarfe a yatsa a riƙa zamewa a kansu. Haka tsofaffin makaɗan Misisipi suka yi, kuma amon da ke fita yana kuka yana lanƙwasa kusa da na kukuma. Buluz ɗin tuddan arewacin Misisipi, irin na R.L. Burnside da Junior Kimbrough, wanda masu kiɗan gareji suka kwaikwaya sosai, sau da yawa a kan gaɓa ɗaya yake zama ya yi ta juyawa, ba ya yawon hawa da sauka. Duk wadda ta girma tana jin garaya ko gurmi ta san wannan zama. Ga shi kuma yawancin karin waƙoƙinmu a kan amo biyar suke tafiya, buluz ma haka, shi ya sa waƙar Hausa ke hawa wannan kiɗa ba tare da an tilasta mata ba.

Sai dai akwai wuri ɗaya da situdiyo ya fi ɗanyen ɗauka a wajen Bahaushe, kuma ba ƙaramin wuri ba ne. Mu magana muke saurare kafin kiɗa. Bature zai iya rawa da waƙar da bai ji rabin kalmominta ba, ya ce ai amon ne. A nan, in ba a ji abin da kika ce ba, an wuce ki. Hausa kuma harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, inda ɗan hawa ko sauka ke canza ma'ana, gurnanin jita kuwa a daidai inda muryar mutum take yake zama. Situdiyo ya warware wannan tuntuni, murya a gaba, komai a baya. Ku a ɗakinku sai kun warware shi da tsarin waƙar kanta: idan murya ta shigo jita ta ja baya, ta koma taɓa tsirkiya mai kauri a hankali, idan baiti ya ƙare ta dawo da ƙarfinta ta amsa. Wato jitar ce 'yar amshinku. Marigayi Mamman Shata, wanda kabarinsa ke Daura, da kalangai da 'yan amshi kawai ya yi zamaninsa, kuma duk tsananin kiɗan ba ka rasa kalma ɗaya, saboda makaɗan sun san lokacin da za su sassauta.

A wajen da za a saurare ku kuwa, ɗanyen kiɗa yana da wata riba da ba a cika lura da ita ba. Yawancin masu jin waƙarku a lasifikar waya za su ji ta, bayan WhatsApp ko TikTok sun matse ta. Lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfi, don haka bes ɗin da situdiyo ya wahala a kansa rabinsa ɓacewa yake yi. Jita mai kaushi da ƙas-ƙas ɗin ƙwarya kuwa a tsakiyar abin da waya ke iyawa suke, suna fita tas. Sannan bidiyon mata biyu suna kiɗa da hannunsu, ana ganin yatsu a kan tsirkiya, abu ne da mai lilo da yatsa a waya zai tsaya ya kalla, don bai saba ganinsa a nan ba. Amma a wajen biki, cikin manyan lasifikoki, lissafin juyawa yake: waƙar situdiyo ta cika fili, taku ta ji kamar da sauran wani abu.

Ɗakin da za ku zaɓa rabin aikin ne. Ginin ƙasa mai rufin azara ya fi, domin bangonsa yana shan amo maimakon ya maido shi. Ɗakin bulo mai tayil da rufin kwano amsa-kuwwa zai yi ta yi har kalmomi su cakuɗe, sai an shimfiɗa darduma, an jingina katifa a bango, an rataya barguna. Fanka dole a kashe ta, wanda ke nufin watan Afrilu da Mayu ba lokacin wannan aiki ba ne, ruwan Agusta a kan kwano ma haka. Da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kuma kafin kiran azahar, unguwa ta fi shiru. Makirufo ɗaya a bakin amfilifaya, irin Shure SM57 da ake amfani da shi tun 1965 ko makamancinsa, ɗaya kusa da ƙwarya, ɗaya na murya, a juya bayan na muryar ga amfilifaya. Kada a ɗauka da waya tsirararta in da hali, domin ita da kanta take rage ƙara ta ƙara, sai duka mai nauyi ya fito a lanƙwashe. Kuma kafin duk wannan, a nemi yardar Baba da Mama, a gaya wa maƙwabta na kusa. Wannan ba ya cikin littafin kowane injiniya, amma shi ke sa a yi ɗauka ta biyu.

Akwai hanya ta tsakiya, kuma ga mafi yawanku ita zan nuna. Ku ɗauki jita da ƙwarya tare, kai tsaye, ba tare da agogon kwamfuta mai ƙirga muku gudun kiɗa a kunnuwanku ba, sannan a ɗora murya daga baya ita kaɗai. Kun riƙe numfashin kiɗan, kun kuma sami kalmomi a fili. Ana iya yin haka ko a situdiyon unguwa, muddin kun shiga da kayanku kun yi magana tun kafin a kunna komai: Malam, ba ma son fiyano, ba ma son gangar kwamfuta, muryar ma a bar ta yadda take, abin da ya ɗan karkace a ƙyale shi. Zai yi mamaki, wataƙila ya ce waƙar ba za ta shiga kasuwa ba. Ku nemi ya ɗauki guda ɗaya a gwada, ku biya kuɗinta, ku je gida ku saurara a waya da kuma a rediyon mota kafin ku yanke shawara kan sauran.

Idan abin da kuke nema shi ne a gayyace ku kamu da wuni, a sa waƙarku tsakanin na sauran mawaƙa ba a ji bambanci ba, ko kuma har yanzu mai gangar ba ta iya riƙe gudu ɗaya daga farkon waƙa zuwa ƙarshe, ku tafi situdiyo ku yi fiyano, babu abin kunya a ciki. Idan kuwa kun kai inda za ku buga waƙa sau uku a jere ba tare da ɗaya ta kalli ɗaya ba, kuɗin nan ku raba shi uku: fedar kaushi, makirufo ɗaya mai kyau da za ku mallaka, sauran kuma ladan wanda zai zo da kwamfutarsa ya ɗauke ku a ɗakin ƙasa.